Gidan Da Ba Shi Da Hanyar Moto

Ku matso, 'yan uwana mata, ku rage muryar rediyo, don wanga zance ba na bakin rijiya ba ne. Ni ce Shatu, Kaka Shatu ta nan Ƙonni, kuma duk wadda ta ce muku ba ni son jin abin da ke gudana gidajen mutane, ku ce mata ta ji tsoron Allah. Ina so ƙwarai. Sai dai wanga karo ba katangar kowa na leƙa ba. Cikin ɗakina abin ya kwana ya tashi, don gadon jikata Sahiya, ɗiyar ɗana Mamane, yana kallon nawa.

Sahiya mai lalle ce. In kun ga amarya tsakanin Ƙonni da Tsarnawa har Malbaza da zane siriri kamar an ja shi da gashin ido, ja a tafi, baƙi a bayan hannu, ku tambaya, za ku ji sunanta. Tana da ɗan motonta ja, babur irin na mata, da ta saya da guminta. Da hantsi za ta ɗaure sak ɗin lalle, jakar kayan aikinta, a baya, ta naɗe mayafi ta soke shi a ƙugu, ta turo moton daga zaure, sai dai ku ji ƙararta ta sha kwana. Da la'asar ta dawo mini da ƙura a gira da labari cike da baki: wace uwar ango ce ta raina kayan ɗaki, wace amarya ce ta yi kuka na gaske, wace ce ta shafa yawu. Ranar da ba ta fita ba ciwon kai take yi. Ni ma haka.

Shi kuwa Sufyan ɗan kasuwar albasa ne. Yana loda manyan motoci daga wajen Galmi ya bi su har bakin teku, ya yi wata da watanni bai dawo ba. Dogo, fara shadda kullum, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri. Ban taɓa jin ya ɗaga ta ba, ko ga jaki. Kada wata ta ce an tilasta wa yarinya. Ita ta gan shi ta ce tana so, mu munka ce Allah shi sa albarka. Ni har angona nake ce masa, in ya zo zance in ƙwace goron kafin ita ta fito.

Da anka sa rana ya ce ba zai kai ta gidan haya ba, ba zai kai ta gidansu ba. Yana da fili can bayan gari, sabon gida zai gina, kuma a kan ma'auninta. Har mai zanen gidaje ya kirawo daga Tawa. Daga nan saƙonni sunka fara shigowa wayarta, tana karanta mini tana dariya tana tsefe kai.

"Ranki shi daɗe, mi ke fitar da ke gida da safe?"

"Niƙa mana, in Inna ta aike ni. Da ɗibar ruwa in pampo ya ɗauke."

"To. Da kuma?"

"Kitso wurin Mansura."

"Da kuma?"

"Sayen ganyen lalle ranar kasuwa."

"Da kuma?"

Haka yake, ba ya gajiya. Yau ya tambayi abu ɗaya, jibi ya dawo da "da kuma" ɗinsa. Ita kuwa sai ta rungume wayar ta faɗa bisa gado.

"Kaka, tsakaninki da Allah, kin taɓa ganin namijin da ke tambayar mace abin da take so?"

Ban taɓa gani ba. Kakanta, Allah shi jiƙan sa, da zai gina mini ɗaki tsawon tabarmarsa ya auna.

Tambayar ƙarshe da ya yi mata ita ce, in an kai ta, mi za ta fi kewa a gidansu. Ta dube ni ta gefen ido ta rubuta masa, "Wata tsohuwa mai surutu." Na jefa mata mafici.

Da gini ya kusa ƙarewa, sai ranar awon ɗaki ta zo. Kun san yadda muke yi: dangin amarya su tafi su auna bango da tagogi, don a san girman gado da tsawon labule kafin ranar jere. A zamaninmu amarya ba ta zuwa, amma Sufyan ya ce lalle ta zo ta ga abinta. Ya aiko mota ta ɗauki uwarta Hadiza da goggonta Saratu. Sahiya ta ce ita da motonta za ta tafi, yadda ta saba. Ni kuwa na ce ba ni shiga wagga mota mai sanyi kamar randa, na haye bayan jikata na riƙe ƙugunta, muna tafe ina gaida mutane.

Tun daga nesa gidan ya fita daban. Fenti ruwan ƙasa mai haske, babbar ƙofar mota baƙa a rufe, ƙaramar ƙofar mutane a gefenta, ga bene ɗaya a sama da tantabaru na kewaya shi. Sahiya ta tsaya gaban ƙaramar ƙofar, na sauka, ta kama kan moton za ta tura shi ciki yadda ta saba a kowane gida. Sai ta tsaya.

Matakalai ne uku, masu tsayi, kaifin bakinsu kamar an yanka da wuƙa.

To, ku da kuke nesa, bari in gaya muku. Duk Ƙonni, ko gidan laka ne, magini ba ya yin bakin ƙofa bai bar ɗan gangare siriri a tsakiya ba, faɗin tafin hannu biyu, inda ƙafar moto za ta bi ta shiga. Ba sai ka ce masa ba. Yadda mai ɗinki ba ya tambayarka ko a bar wa riga wuya, haka shi ma. Nan kuwa babu. Sai dai a tsakiyar matakalar, daga sama har ƙasa, akwai wani layi na siminti da ya fi sauran duhu, ɗanye, kamar tabon ƙuna.

Sahiya na kallon layin nan Sufyan ya fito yana murmushi.

"Bar shi nan waje, ba mai taɓawa. Kaka, amaryata, sannu da iska."

"Ka buɗe mini babbar in shigar da shi inuwa," in ji Sahiya.

"Makullinta na cikin mota. Zo ki gani tukuna."

Ta jingine moton a rana, ta cire makulli ta soke a zani, munka shiga.

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, gida ya yi. Tsakar gida shimfiɗe da karo fari, tayil mai sheƙi, kana ganin ƙafarka a ciki kamar cikin ruwa. Hadiza da Saratu sun riga sun cire takalma suna tafiya a hankali kamar masu tsoron tada wani daga barci. Sufyan na gaba yana buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya.

Madafa da firigo na sanyaya abinci mai tsayin mutum. Kusa da ita wani ɗan ɗaki, a ciki ga ƙaramin injin niƙa sabo, da ledarsa, wai da hasken rana yake aiki. Ta bayan ɗakuna an haƙa rijiyar burtsatse, ga tanki bisa ƙarfe, ruwa ba zai taɓa ɗaukewa ba. Wani ɗaki da madubi bango guda da kujera mai juyawa, na kitso ne, Mansura za a riƙa ɗaukowa. Jikin katanga kuwa an jera dashen lalle, ƙanana, kowane da ɗan raminsa na ruwa, sai zogale da yakuwa a ƙarshen layi.

Hadiza ta sa gefen mayafi tana share ido. Saratu ta rangaɗa guɗa har tantabarun sama sunka watse.

"Ɗiyar nan, wace addu'a kika yi da mu ba mu yi ba?"

Sunka fiddo igiyar awo sunka kama aiki, wagga ta riƙe nan, waccan ta ƙulla can. Ni kuwa na tafi duba abin da ya dame ni, wato katanga. Kowa da sana'arsa. Rabin abin da na sani a duniya ta bisa katanga ya zo mini: ka kifa turmi ka taka, ka ce wa maƙwabciya a ba ka ɗan gishiri, kafin ta kawo kin ji wanda ya saki matarsa. Wagga katangar ko turmi uku ka ɗora ba ka ganin komai, ga waya mai ƙaya a nannaɗe bisa kanta. Na kasa kunne. Akwai gidaje dama da hagu, lokacin dakan rana ne, amma ko sautin taɓarya ɗaya ban ji ba. Na duba tagogin da suke aunawa. Dukansu tsakar gida suke kallo. Babu ɗaya da ke kallon hanya.

Sannan ya kai mu ɗakin da ya fi alfahari da shi. Ɗakin lalle. An yi dakali mai laushi kewaye da bango, da ɗan tudu na ɗora ƙafa a gaban kowane wurin zama, da pampo ƙasa-ƙasa na wanke hannu, da kantoci na jera kwalabe. Fitilarsa fara tas, ko zanen da ya fi gashi siranta za ka gani. Sahiya ta shafa dakalin, ta zauna ta gwada tudun ƙafar. Na ga abin ya shige ta. Duk wahalar da take sha tana durƙuso a ɗakunan mutane masu duhu, ga shi wani ya lura.

"Ya yi kyau," ta ce a hankali. "Amma wa zan zana wa a nan?"

"Amare mana."

"Amarya ba ta fita gidansu kwanakin lalle, Sufyan. Tana lulluɓe, ƙawaye na tsaronta. Ni ake kira in je."

Bai ji haushi ba. Ya gyara hularsa ya yi ɗan murmushin nan nasa.

"To sai ki zana wa kanki. Da ɗiyanmu in Allah ya kawo. Ni ma ina son kallo."

Saratu ta kwashe da dariya ta ce ango ya iya magana. Sahiya ba ta yi dariya ba.

"Saura ɗaya," in ji shi. "Na amaryata ta fari."

Wani ɗaki ne kusa da na Sahiya, ƙofa na kallon ƙofa. Fanka a sama, katifa mai kauri a ƙasa don kada in sha wahalar hawa, makewayi a ciki mai wurin zama da ƙarfen dafawa saboda gwiwa. Har ƙusar rataye carbi an kafa daidai tsawona. Ni da nake fita bayan gida da sanda in damina ta yi. Na zauna bisa katifar nan ta karɓe ni kamar ta san ni, na ce, "Angona, in ta ƙi ka ni ina so."

Da na ɗaga kai, Sahiya na tsaye bakin ƙofa. Ba ni take kallo ba. Yatsunta take lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya a jikin zaninta, leɓenta na motsi. Niƙa. Ruwa. Kitso. Ganyen lalle. Da ta zo kan babban yatsa sai ta ɗago ta dube ni, ni da ke zaune bisa katifa ina washe baki.

Sufyan ya ce ta zo ta ga nasa ɓangaren a sama. Gwiwata ba ta hawan bene, don haka abin da ya faru can ita ta ba ni shi daga baya, kuma na sa ta maimaita har sai da na haddace.

Saman benen fili ne, an kewaye shi da gajeren bango. Nan ya yi wa tantabarunsa gari guda: akwatunan katako masu fenti shuɗi, tukwane a kife da ƙofofinsu, kwamin ruwa na siminti, buhun gero a rataye. Tun yana yaro yake kiwonsu, ya san kowace da sunanta. Iska na kaɗawa, kuma karo na farko tun shigarta gidan Sahiya ta ja numfashi har ƙasan ciki. Daga nan ana ganin gari shimfiɗe, rufin kwano da na laka, hasumiyar masallaci, hanyar da manyan motoci ke bi.

"Ga gidanku can," ya ce, ya nuna da haɓa. "Inda dogon yaron nan yake."

Ta duba. Ƙofar zaurenmu ce, tsaf, har da bencin mai goro na gefenta.

"Nan nake tsayawa da safe in ina ba su hatsi. Jiya da shuɗin mayafi kika fita. Shekaranjiya ba ki dawo ba sai da anka kira magariba."

"Amaren biyu ne," ta ce. Ta ji muryarta ta fito kamar mai ba da haƙuri, abin ya ba ta haushi.

Sai wata farar tantabara ta fito daga bayan tukunya tana tafiya da ƙafa. Sauran sun tashi da sunka ga baƙuwa, ita kuwa ta buɗe fiffike ta kaɗa, ta ɗan yi tsalle, ta dawo ƙasa.

"Wagga ba ta da lafiya?"

"Lafiyarta lau. Sabuwa ce, daga Illela na sayo ta." Ya duƙa ya ɗauke ta, ya buɗe fiffiken a tafinsa yana shafawa da yatsa. Dogayen gashin babu su, sai gajeru. "In ka kawo sabuwa ka sake ta haka nan, gidansu na da take komawa. Sai ka cire mata waɗannan. Ka ajiye mata hatsi da ruwa da wurin kwana mai kyau, kada ta nemi komai ta rasa. Kafin gashin shi sake fitowa ta manta hanya."

"Ba ta jin zafi?"

"Ranar farko kawai."

Ya sumbaci kan tantabarar ya ajiye ta a hankali kusa da kwamin ruwa.

Ni kuwa a ƙasa ban zauna banza ba. Na zagaya baya na iske Mumuni magini yana shafe gindin tanki. Na san uwarsa, na san ranar da anka yi masa kaciya, ba ya iya ɓoye mini komai.

"Mumuni, tsufa ya kama ka tun yanzu? Ka yi ƙofa ka manta hanyar moto."

Bai ɗago ba. "Na yi ta, Kaka. Hannuna ya yi ta ban ma sani ba."

"To ina ta tafi?"

"Mai gida ya zo ya tsaya kanta ya daɗe. Ya ce in fasa in cike wurin."

"Ya faɗi dalili?"

Ya ɗebo siminti ya mana, ya shafe, ya sake shafe inda ya riga ya yi sumul. "Ya ce babu abin da zai riƙa shiga da fita ta nan."

Da za mu tafi na tsaya gyara takalmi a bakin ƙaramar ƙofar, na shafa bayanta da hannu. Babu sakata ta ciki. Kunnen kwaɗo kuwa na waje an riga an yi masa walda, har an shafa masa fenti.

Sirdin moto ya yi zafi kamar tanda. Har munka iso gida ban gaida kowa a hanya ba, abin da ya sa washegari mata biyu sunka zo tambayar ko lafiya.

Da la'asar Sahiya ta sami uwarta tana tankaɗe, ta durƙusa gefenta.

"Inna, gidan nan ba a yi shi don in riƙa fita ba."

"To fita ina? Mi kika rasa a ciki?"

"Ba abin da na rasa. Shi ne abin."

Hadiza ta ajiye rariya. "Sahiya, dubi wuyana. Tun kafin a haife ki nake ɗaukar niƙa a kai. Wani ya kawo miki inji har ɗaki, ke kuma kina neman abin cewa. Gata ne ya yi miki yawa?"

"Duk Ƙonni ta ga gidan nan," in ji Saratu daga bakin madafa. "An raba goro, an kai wa mai ɗinki anko. Kada ki sa a yi da mu a bakin kasuwa. In kin haihu biyu ke da kanki za ki jingine moton nan."

Ubanta Mamane na zaune bisa buzu yana jin su. Ɗana ne, amma tun yana yaro duk wanda ya yi masa magana a hankali ya gama da shi. Ya ce, "Yaron kirki ne. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba." Ya tashi ya tafi masallaci.

A ɗaki na ce wa Sahiya, "Ƙawata, kada ki yi faɗa da kowa. Abu ɗaya za ki roƙa, ƙarami, wanda bai fi aikin rabin yini ba. Ki ce a mayar da hanyar moto. Amsar da ya ba ki, ita ce mijin da za ki aura."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa, ta sa masa har da 'yar fuskar nan mai dariya. Ba ta ajiye wayar ba amsa ta shigo.

"An gama, ranki shi daɗe. Daga gobe ba za ki ƙara damuwa da zancen moto ba."

Ta sauke ajiyar zuciya ta nuna mini. "Kin gani? Mu ne da mugun zato." Ta ci tuwonta har da ƙari. Ni na sa ta sake karanta mini saƙon, na juya shi a baki kamar goron da ya fara ruɓa ta ciki.

Washegari tana da amarya a Tsarnawa, ɗiyar wani mai shago, an yi alkawari tun da daɗewa. Ta kwaɓa lallenta, ta ɗure a leda, ta sa atamfa ruwan goro, ta naɗe mayafi ta soke a ƙugu. Ta nufi zaure da makulli a hannu. Ina shan kunu na ji shiru ya yi yawa, na bi ta.

Inda moton ke kwana babu komai sai ɗigon baƙin mai a ƙasa da sawun taya da ya fita waje.

Mamane na bakin ƙofa yana jan carbi. Bai bari ta tambaya ba.

"Sufyan ya same ni bayan sallar asuba. Ya ce hankalinsa ba ya kwanciya da ke bisa hanyar nan, ga manyan motoci. Ya roƙi in ba shi ya ajiye. Na ba shi makullin da ke wurina." Ya miƙo mata wani ɗan akwati mai kyalli. "Ya bar miki wannan. Ya ce daga yau duk inda za ki, mota za ta kai ki, in yana gari."

"Yau yana gari, Baba?"

"Ya ce zai tafi Galmi lodi."

"Amarya na jirana."

"Sai ki aika ki ba su haƙuri. Ni kulawa na gani a ciki, ɗiyata."

Ta buɗe akwatin. Awarwaro ne na zinariya, masu nauyi, an jera su kamar zobban sarƙa. Ta rufe, ta ajiye bisa ɗigon man nan daidai, ta koma ciki. Na zaci kuka za ta yi. Sai ga ta ta fito ta canza takalmi zuwa silifa, ta yi gammo, ta ɗora sak ɗin lalle a kai kamar mai tallar fura.

"Ina za ki?" in ji Hadiza.

"Aiki, Inna."

Na ce bari in raka ta bakin hanya, ƙafata na son miƙewa. Munka fito. Ba mu wuce inuwar dogon yaro ba wayarta ta yi ƙara. Ta karanta, ta miƙo mini ita ba tare da ta dube ni ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai na bi baƙi ɗaya-ɗaya da yatsa.

"Ina zuwa cikin ranar nan? Koma ciki, ƙafarki za ta yi ciwo."

Munka ɗaga kai tare. Can bayan gari, bisa benen nan, tantabaru na kewayawa, kuma a tsakiyarsu wani abu fari dogo na tsaye, ba ya motsi. Mutumin da ke Galmi.

Sahiya ta daɗe tana kallonsa. Ta gyara zaman sak ɗin a kanta. Ta ɗaga hannu, ba gare shi ba, ga wani ɗan kabu-kabu da ke wucewa.

"Riƙe mini wayar, Kaka. Nauyi take mini."

Ta haye, ta zauna a karkace, sunka sha kwana. Ko waiwaye ba ta yi ba. Na tsaya ina jin wani daɗi na hawa mini ƙirji, har na fara shirya yadda zan ba Saratu labari.

Wayar ta sake ƙara a hannuna. Na kai ta kusa da ido, na bi da yatsa.

"Kaka, amaryata, tunda wayar na hannunki. Ɗakinki ya shirya. Yau za ki tare, ki riƙa ba dashen lalle ruwa kafin ita ta zo. Baba ya yarda. Na san ba ta iya kwana biyu ba ta gan ki ba."

Na waiwaya. Wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta riga ta tsaya ƙofar gidanmu, ban ji zuwanta ba. Hadiza ta fito rungume da tabarmata da buta, fuskarta cike da murna. Saratu na biye da akwatina na ƙarfe a kai, tana kiran sunana, wai in zo in ga arziki.

Na tuna katifar nan mai laushi, da fanka, da ƙusar carbi daidai tsawona. Gwiwata ma ta tuna, don a take ta fara mini zugi.

Na soke wayar cikin lalita, na juya musu baya. Wani amalanken jaki ya taho da buhunan wake, ya nufi hanyar Tsarnawa. Na tsaya masa a gaba sai da ya ja linzami.

"Kaka, lafiya? Ina za ki ba ko mayafin kirki?"

"Ɗaga ni, ɗan nan, ka bar tambaya. Kuma ka bi ta inda bene ba ya gani."

Ya dube ni, ya dubi gari gaba ɗaya, ya ce bai san wata hanya irin wannan ba.